Ice Cube Bai Ci Amanar Kowa Ba: Raddi Ga Masu Ganin Fita Daga Ƙungiya Butulci Ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu sauraron waƙar gambara. Da zarar an ji wani mawaƙi ya bar ƙungiyar da ta fito da shi, ya je ya yi kundin waƙa shi kaɗai, sai ka ji an ce, "Ai dama haka suke. Ya ga ya yi suna, kansa ya kumbura, ya manta da waɗanda suka sha wuya tare." Wani ya ce son kuɗi ne, ba ya son a raba da shi. Wani ya ƙara da cewa shi ya kashe ƙungiyar. Duk inda aka zaga, hukuncin ɗaya ne, wato butulci.

Mutanen kirki ne ke faɗin wannan magana, kuma daga wuri mai kyau take fitowa. An rene mu a kan cewa ba a juya wa wanda aka ci kwano ɗaya da shi baya. A kiɗanmu na gargajiya, ɗan amshi yakan shafe shekaru a bayan maigidansa, yana karɓa masa waƙa, yana bin sa gari-gari, sai lokaci ya yi maigida ya sallame shi da albarka ya je ya kafa tasa ƙungiyar. Wanda ya sulale ba sallama kuwa, kallon mara tarbiyya ake masa. Da wannan mudun muke auna mawaƙan Amurka. Sai dai mudun yana ɗauka cewa akwai maigida mai adalci da ke jiran ranar sallama. A kasuwar waƙa ta can, abin da ke tsakanin mawaƙi da abokansa takardar yarjejeniya ce, da kamfani, da manaja, da lauyoyin kamfanin. Wanda bai duba waɗannan ba ya yanke hukunci, ya yi shari'a da jin ɓangare ɗaya.

Labarin da ya fi fito da wannan fili shi ne na O'Shea Jackson, wanda duniya ta sani da Ice Cube. Shi ne mutumin da abokansa suka kira maci amana a cikin waƙa, duniya tana ji.

An haife shi a 1969, ya tashi a unguwannin baƙar fata na kudancin Los Anjalas a jihar Kalifoniya. Ƙungiyar N.W.A ta haɗu a 1987, da Eazy-E, da Dr. Dre, da DJ Yella, da shi, daga baya MC Ren ya shigo. Dre da Yella su ke haɗa kiɗa. Eazy-E shi ke da kamfanin Ruthless Records, yana tafiyar da shi tare da manaja Jerry Heller, wani dattijo da ya daɗe a harkar. Ice Cube kuwa alƙalami ne. Shi ya rubuta waƙar Boyz-n-the-Hood da Eazy-E ya rera har ta fito da sunansa. Da kundin Straight Outta Compton ya fito a 1988, kaso mai yawa na baitocin da ke ciki daga hannunsa suka fito, har da waɗanda wasu suka rera. Gidajen rediyo suka ƙi sa waƙoƙin, tashar MTV ta ƙi nuna bidiyonsu, amma faifan ya wuce kwafi miliyan ɗaya. A watan Agustan 1989 wani babban jami'in hukumar FBI ya aika wa kamfanin da ke rarraba faifan wasiƙar nuna ɓacin rai kan waƙar da suka yi a kan zaluncin 'yan sanda. Wasiƙar ta ƙara musu suna.

A tsakiyar wannan tashe ne yaro ɗan shekara 20 ya zauna ya yi lissafi. Ya dubi yawan faifan da aka sayar, ya dubi filayen da suke cikawa, ya dubi abin da ya shigo aljihunsa, lissafin ya ƙi daidaita. Aka kawo masa takardar yarjejeniya ya sa hannu, ya ce sai lauya ya duba masa. Daga nan zama ya ƙi daɗi, a ƙarshen 1989 ya fita. Adalci ne a faɗi cewa Heller ya musanta zargin cuta har ya rasu a 2016, ya rubuta littafi ya kare kansa, ya kuma kai ƙara kan yadda aka nuna shi a fim ɗin tarihin ƙungiyar na 2015. Amma ko da mun ajiye batun wane ne mai gaskiya a lissafin, tambayar da Ice Cube ya yi tambaya ce ta halal. Mutum ya yi aiki, ya nemi a nuna masa littafin ciniki. In neman hakki butulci ne, to babu ma'aikacin da zai tsira daga wannan suna.

Ga wani abu da masu zargin ba su cika tunawa ba. Ice Cube ba shi ne ɗan N.W.A na farko da ya yi kundi shi kaɗai ba. A 1988, ƙungiyar tana ganiyarta, Eazy-E ya fitar da nasa mai suna Eazy-Duz-It. Dre da Yella suka yi masa kiɗa, Ice Cube da MC Ren da The D.O.C. suka rubuta masa baitoci. Babu wanda ya kira shi butulu. Me ya sa? Domin kuɗin kundin nan asusun Ruthless ya shiga. Ashe yin waƙa kai kaɗai bai taɓa zama laifin ba. Laifin shi ne ka yi ta a inda mai kamfani ba zai ci ba. Ice Cube ya sha faɗa cewa da farko so ya yi Dre ya haɗa masa kiɗan kundinsa, aka hana. Mai niyyar yanke zumunci ba ya fara neman hannun ɗan'uwansa.

Da ƙofa ta rufe a gida, sai ya hau jirgi ya nufi Niyok. Mai karatu ya sani cewa a wancan lokacin mutanen Niyok, inda aka haifi gambara, raina mawaƙan yammacin Amurka suke yi. Ya je wurin The Bomb Squad, masu haɗa wa ƙungiyar Public Enemy kiɗa, wato Hank Shocklee da ɗan'uwansa Keith da Eric Sadler, tare da Chuck D. Ya tafi da abokinsa Sir Jinx. Ya same su suna kan aikin kundin Fear of a Black Planet, har ya sa murya a wata waƙa a ciki tare da Big Daddy Kane. Kiɗan mutanen nan dabam yake da na Dre. Na Dre a share yake, yana tafiya a natse. Nasu kuwa cunkus ne, guntayen tsofaffin faifai a kan juna, ga jiniya, ga muryar mai karanta labarai, ga ƙarar da ke sa mutum ya kasa zama. A watan Mayun 1990 AmeriKKKa's Most Wanted ya fito, shi ma ya wuce kwafi miliyan ɗaya.

Ni a wurina hujja mafi ƙarfi tana cikin faifan nan da waɗanda suka biyo bayansa. Duk wanda ya saurare su da kunnen basira zai ji abin da ba zai taɓa samun gurbi a N.W.A ba. N.W.A ta iya nuna fushi, ta iya tsokana, ta iya ba da tsoro. Amma a ƙungiya mai mutum biyar, kowa baiti ɗaya yake samu a waƙa, daƙiƙa arba'in ko hamsin, sai ya miƙa wa na gaba. A irin wannan ƙunci mutum zai iya yin kirari, ba zai iya gina hujja ba. Da Ice Cube ya samu fili shi kaɗai, sai ya fara tambayar dalili. Me ya sa labarin kisan baƙar fata ba ya tayar wa gidajen talabijin hankali sai in abin ya tsallaka unguwar farar fata? Ina bindigogi da ƙwaya suke fitowa? Me ya sa gidan yari ya cika da yaran unguwarsu? A ƙarshen 1990 ya fitar da ƙaramin kundi, Kill at Will, a ciki akwai Dead Homiez. Waƙar jana'iza ce. Saurayi ne tsaye a wurin binne abokinsa, yana kallon uwar mamacin tana kuka, yana lura da cewa danginsu da abokansu ba sa haɗuwa sai an yi mutuwa. Babu kuri a ciki, babu barazana. Muryar da aka sani da tsawa ta sauko ƙasa. Ka ɗauki wannan waƙa ka raba ta tsakanin mutum huɗu, kowa da salonsa da abin da yake so ya nuna, za ta watse.

A Maris 1991 aka ɗauki bidiyon 'yan sandan Los Anjalas suna lakaɗa wa Rodney King duka. A watan nan dai wata mai shago 'yar asalin Koriya ta harbe yarinya 'yar shekara 15, Latasha Harlins, kan rigimar kwalbar lemo. A watan Oktoba Ice Cube ya fitar da Death Certificate, yana gargaɗin cewa garin na dab da kamawa da wuta. A Afrilun 1992, da kotu ta wanke 'yan sandan nan, garin ya kama da wuta, aka rasa rayuka fiye da hamsin. Kundinsa na gaba, The Predator, ya fito a Nuwamban shekarar, ya kuma hau saman jerin cinikin faifai na Billboard a makonsa na farko. Mutanen da suka ƙi sauraronsa a da suka koma suna bin waƙoƙinsa don su gane abin da ya faru a garinsu.

Kare shi daga zargin butulci ba wanke shi daga komai ba ne. A kundayen nan akwai kalaman da ba zan so ɗana ya ɗauka ba. Yadda yake ambaton mata a wurare da yawa abin takaici ne, ko da yake ya ba mawaƙiya Yo-Yo fili ta mayar masa da martani a cikin kundinsa na farko. Waƙarsa kan masu shaguna 'yan Koriya ta haɗa mai laifi da mara laifi ta yi musu kuɗin goro. Martanin da ya mayar wa tsofaffin abokansa a No Vaseline ya wuce gona da iri, ya taɓa addinin Heller na Yahudanci, abin da ba shi da alaƙa da lissafin kuɗi. Duk waɗannan abin suka ne, kuma a soke su. Amma laifi ne na harshe, dabam yake da laifin cin amana. A tuna kuma su wa suka fara jifa. A kundinsa na farko bai ambaci N.W.A da mugun baki ba. Su ne a faifansu na 1990 da na 1991 suka laƙaba masa sunan Benedict Arnold, janar ɗin da ya koma ɓangaren Ingila a yaƙin neman 'yancin Amurka, wanda sunansa ya zama zagi a ƙasar.

Abin da ya biyo baya shi ya raba gardama. A 1991, bayan an gama zagin Ice Cube a faifai, Dr. Dre da kansa ya duba tasa takardar, ya ga abin da Ice Cube ya gani. Ya fita, suka kafa Death Row Records da Suge Knight, a Disamban 1992 ya fitar da The Chronic. Wanda ya yi kiɗan da aka zagi mai fita a kansa ya bi ta ƙofar da mai fitar ya bi, kan dalili iri ɗaya. A 1994 shi da Ice Cube suka sake yin waƙa tare. Eazy-E ya rasu a Maris 1995, kuma Ice Cube ya ba da labarin cewa sun haɗu a Niyok kafin rasuwar, sun yi hira ta fahimta. A 2016 waɗanda suka rage suka tsaya a dandamali ɗaya aka shigar da N.W.A zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame.

Sai ɗaya rabin zargin, cewa kundin mutum ɗaya shi ke kashe ƙungiya. N.W.A ba ta mutu da fitar Ice Cube ba, kundinta na 1991 ya hau lamba ɗaya a Billboard ba tare da shi ba. Rigimar kuɗi ce ta kashe ta, kuma rigimar ta riga kundin Ice Cube. Amma misalin da ya fi rushe wannan zato shi ne Wu-Tang Clan, samari tara daga Niyok, akasarinsu 'yan tsibirin Staten Island. Jagoransu RZA ya taɓa ƙonewa a hannun kamfani, haka ɗan'uwansa GZA. Don haka da suka zo sa hannu da Loud Records, sai RZA ya karɓi kuɗi kaɗan, ya tsaya kan sharaɗi ɗaya, cewa kowane ɗan ƙungiya yana da 'yancin ya je kamfanin da ya ga dama ya yi kundinsa. Kundin ƙungiya, Enter the Wu-Tang, ya fito a Nuwamban 1993. A 1994 Method Man ya fitar da Tical a Def Jam. A 1995 Ol' Dirty Bastard ya fito a Elektra, Raekwon ya fitar da Only Built 4 Cuban Linx a Loud, GZA ya fitar da Liquid Swords a Geffen. A 1996 Ghostface Killah ya zo da Ironman. RZA ke haɗa kiɗan kusan duka, kuma kowane kundi cike yake da muryoyin sauran 'yan ƙungiya. Kamfanoni dabam-dabam, kowanne yana zuba kuɗinsa yana tallata mawaƙinsa, amma tambarin da ke shiga idon jama'a na Wu-Tang ne. Da suka dawo tare a 1997 da Wu-Tang Forever, kai tsaye ya hau lamba ɗaya. Mutum biyar sun fita sun yi nasu, gidan ya ƙara girma. Bambancinsu da N.W.A shi ne an yi maganar gaskiya tun farko, an rubuta ta.

Ko a gida Najeriya mun ga irin wannan. Eedris Abdulkareem, wanda aka haifa a Kano, da ƙungiyar The Remedies ya yi suna, amma Jaga Jaga ta 2004, wadda ta fusata shugaban ƙasa na lokacin Olusegun Obasanjo, shi kaɗai ya yi ta. Waƙar da za ta jawo wa mutum fushin fadar shugaban ƙasa, da wuya ka samu abokan tafiya su yarda a sa sunansu a kai, kuma bai dace ka tilasta musu ba.

Inda masu wannan ra'ayi suka fi kusa da gaskiya shi ne labarin Fugees, ƙungiyar Lauryn Hill da Wyclef Jean da Pras. Bayan The Score na 1996, wanda ya sayar da miliyoyi ya kuma ci lambobin Grammy biyu, ƙungiyar ba ta sake fitar da kundi ba har yau. Mai kallo daga nesa zai ce kundin Lauryn Hill ne ya binne ta. Amma Wyclef Jean ne ya fara fitar da nasa, The Carnival, a 1997, Lauryn da Pras suka taya shi a ciki. Saɓanin da ke tsakanin Lauryn da Wyclef kuwa na zuciya ne, ya samo asali daga alaƙar da ta shiga tsakaninsu, kamar yadda shi Wyclef ya rubuta daga baya. The Miseducation of Lauryn Hill ya fito a Agustan 1998, tana da shekara 23. An ɗauki wani ɓangarensa a situdiyon Tuff Gong na gidan Bob Marley a Jamaika. Kundin yana buɗewa da malami yana kiran sunayen ɗalibai a aji, ya kira nata ba amsa, sannan tsakanin waƙoƙi ana jin malamin yana tambayar yara me suka fahimta game da soyayya. Malamin nan Ras Baraka ne, wanda ya zama magajin garin Newark a 2014. A ciki akwai To Zion, inda take ba da labarin yadda aka ba ta shawara ta zaɓi sana'arta a kan cikin da take ɗauke da shi, ta zaɓi ɗanta. Carlos Santana ne ya kaɗa mata jita. Wace irin ƙungiya ce za ta ɗauki wannan waƙa? Wane namiji ne zai karɓi baiti na biyu a kan cikin da ba shi ya ɗauka ba? A Fabrairun 1999 ta karɓi Grammy biyar a dare ɗaya, har da na kundin shekara, karo na farko da kundin gambara ya samu wannan lamba.

Sai dai a cikin wannan nasara akwai abin da ya kamata masu kishin amana su mayar da hankali a kai, kuma ina tare da su a nan. Kundin da ake cewa na mutum ɗaya ba ya taɓa zama aikin mutum ɗaya. Akwai mai kiɗa, akwai mai jita, akwai injiniyan sauti, akwai wanda ya kawo amshi ko ya gyara baiti da tsakar dare. A bangon kundin Lauryn an rubuta cewa ita ta rubuta ta kuma tsara kusan komai. Kafin shekarar 1998 ta ƙare, wasu mawaƙa huɗu da suka yi aiki da ita, masu kiran kansu New Ark, suka kai ta kotu suna cewa sun yi rubutu da haɗa kiɗa a waƙoƙi da yawa ba a ba su matsayin da ya dace ba. Babu rubutacciyar yarjejeniya a tsakaninsu, a kan yarda da juna aka fara aikin. A 2001 aka sasanta a wajen kotu. Kukan da suka yi shi ne dai kukan da Ice Cube ya yi a 1989, sai dai wannan karon wadda ta fita daga ƙungiya ce ake tuhuma. Na fi son in ji majalisa tana muhawara kan waɗannan mutum huɗu, Vada Nobles da Rasheem Pugh da tagwayen nan Tejumold da Johari Newton, waɗanda akasarin masu son kundin ba su taɓa jin sunansu ba, a kan in ji ana tsine wa Lauryn don ta bar Wyclef da Pras, waɗanda kowannensu ya riga ya samu sunansa da kasonsa.